Tsamin Asuba

Kafin ladanin Shafa ya gyara murya
na riga na hau tudu, awartaki a hannu,
don raɓa ce ke kwantar da ƙaiƙayin barshumi;
rana na ɗagawa, iska za ta watsa maka shi a ido.
Shekara ashirin da shida a duwatsun Ɗa'ifa,
yatsuna sun daina kai ƙarar ƙaya.

Wata asuba ƙishi ya kama ni, gora na can cikin mota,
na yanki sabon toho mai faɗin tafin hannu,
na kankare, na tauna.
Tsami! Kamar an jiƙa tsamiya an manta da ita.
Da la'asar na koma gindin nan dai,
na sake yanka: lami, sai yauƙi irin na kuɓewa.
Na ce ko bakina ne ya tsufa.

Juwairiyya, autata, mai karatun tsirrai a Jidda,
ta yi dariya har mayafi ya zame.
Ta ce, Baba, bakinka lafiya lau,
itacen ne ke azumi.

Ta ce kowane kore yana da bakuna a fatarsa,
ƙanana, ido ba ya kama su.
Ta nan yake shan iskar da ni da kai muka fitar,
ya haɗa da ruwa, rana ta hura wuta, a dafa sukari.
Sai dai baki in ya buɗe, ruwa ke gudu.
Alayyafo bai damu ba, yana da mai ban ruwa.
Wanda ya tsiro a tsagar dutse,
inda hadari ke wucewa ba ko sallama,
in ya hangame da tsakar rana
kafin magariba ya zama ƙirgi.

Shi ne ya sauya lokaci.
Dare ya raba, dutse ya huce,
ya buɗe bakunansa a hankali, ya yi sahur da iska.
Ba wutar dahuwa a wannan sa'a,
sai ya ƙulle ta cikin tsami, ya ɗura a randunan cikinsa,
randa bayan randa, har alfijir.
Abin da ka tauna ke nan, ajiyar dare.
Gari na wayewa ya ja ƙofa, ya sa sakata,
ya kwance ƙullin daga ciki,
haske ya ratsa fata, girki ya kankama
a rufaffen ɗaki, ko tururi ba ya fita.
Kafin la'asar randuna sun salance,
tsami ya kama hanyar zama zaƙi.

Na ce, to ganyensa fa?
Ta ce ya sayar tuntuni, ya sayi ƙaya.
Jiki ne ya karɓi aikin, ya shafe kansa da kaki.
Saiwar ma ba ta nitso, shimfiɗuwa take kamar tabarma,
yayyafin da bai jiƙa hular mutum ba, ita ta cafe shi.
Na ce, ba asara?
Ta ce akwai mana: ba ya sauri.
Randa iyakarta randa,
abin da dare ya ba shi, da shi zai yini.
Kabewa ta yi yaɗo, ta haihu, ta mutu,
shi yana nan yana lissafin toho biyu.

Yanzu da hantsi ina bakin titi
ina feɗe barshumi ga masu motocin Makka
da suka hawo gudun zafi.
Su ce sanyi, su ce zuma,
su taya riyal goma abin sha biyar.
Ba na ce musu komai.
Birai a kan katanga suna jiran ɓawo.

Amma jiya barci ya ƙi.
Na hau tudun, ba awartaki, ba fitila,
na zauna kusa, ba dai kusa ƙwarai ba.
Ban ji motsin komai ba.
Na dai saki numfashi, dogo, wajen gindin,
na ce, ungo,
riƙe min wannan zuwa asuba,
sauran aikin na rana ne.